Wata Huɗu da Kwana Goma

Fasfon farko da aka ɗora mini a tebur da sunan aiki na wani direban tankar ruwa ne, kuma matarsa ta taɓa wanke shi a aljihun wando. Shafukan sun manne da juna, tawadar hatimai ta narke ta zama shuɗi-shuɗi, mai shi kuwa yana tsaye a kaina yana ta "yalla, yalla", wato in yi sauri, wai ya bar mota a bakin titi. A wani ɗan shago ne a Al Asmakh, tsohuwar unguwar tsakiyar Doha, zamanin da ake buga takardun hukuma da tafireta. Ina ba ku labarin nan ne, ku samarin da kuka buɗe shagunan buga takardu a Al Mirqab kuna juyi a kan kujera mai taya, domin ɗayanku ya dube ni ran nan ya ce wai aikinmu yanzu danna waya ne kurum. Na ce masa ban ji haushi ba. Na ji.

Sana'ata ƙirga kwana. Baƙo a ƙasar nan, in yana son ya nemi zama ɗan ƙasa, doka ta ce sai ya yi shekara ashirin da biyar a jere, kuma kada fitarsa ta wuce wata biyu a cikin shekara guda. Mai neman zaman dindindin shekarunsa ba su kai haka ba, amma shi ma wata biyun nan tana kansa. Cika sharaɗi ba shi ne samu ba. Bakin ƙofa kawai yake kai mutum, kuma waɗanda ake buɗe wa 'yan kaɗan ne ƙwarai. Amma in shekarunka suka yanke a tsakiya, ko bakin ƙofar ba ka isa ka tsaya ba. Saboda haka mutane ke kawo mini fasfunansu, sabo da tsofaffi, wasu a ɗaure da roba, wasu a naɗe a ɗankwali, in zauna in bi rayuwarsu hatimi bayan hatimi.

Wanda ya koya mini aikin sunansa Amm Usman. Basudane ne, amma kakanninsa Hausawa ne da suka ɗauki hanyar hajji a ƙasa suka zauna a tsakiya. Hausarsa tsohuwa ce, irin wadda na daina ji tun rasuwar kakata a Zariya. Shi ya karɓi jiƙaƙƙen fasfon nan daga hannuna ranar, don ya ga na sa farce ina neman in ɓare shi. Ya ce wa direban ya je ya gyara fakin, ya ɗora butar shayi a wuta, ya riƙe fasfon a kan tururi har shafukan suka saki da kansu, yana taimaka musu da bayan cokali. Sai ya kashe fitilar sama, ya kunna 'yar fitilar tebur, ya kwantar da haskenta a gefen takardar. Tawada ta tafi, amma inda ma'aikacin filin jirgi ya danna hatimi da ƙarfi ya bar gurbi a jikin shafin. Kwanan watan ya fito ɓaro-ɓaro, ba da tawada ba, da inuwa. Na saki baki ina kallo.

"Rufe bakin, ɗana," in ji shi. "Ƙuda na da yawa a Asmakh."

Wata da watanni bai bar ni na taɓa tafireta ba. Aikina share shago, dafa shayi, da karanta hatimi. Kayan aikin ba su cika aljihun tebur guda ba: gilashin ƙara girma mai tsagaggen mariƙi, rula ta ƙarfe, fensir, fitilar nan, da tarin tsofaffin kalandu na shekaru da yawa, masu watan Bature a sama da watan Musulunci a ƙasa. Biro haramun ne a teburinsa. Ya ce mai ƙirga kwana da biro ya ɗauka shi ba ya kuskure, kuma irinsa ne ke kashe wa mutane shekaru. Kalandun kuwa saboda hatiman Saudiyya ne, su da watan Musulunci suke bugawa, sai ka juya shi zuwa na Bature kafin ka san ranar da mutum ya shiga. In na yi kuskure ba ya faɗa. Yakan tura mini fasfon da ɗan yatsa ɗaya, ya ci gaba da shan shayinsa, in sake tun daga shafin farko.

Wani dattijo mai sayar da turare ya taɓa rantse mini da Allah cewa shekara uku bai fita ƙasar nan ba. Na buɗe fasfo, ga hatiman kan iyaka reras. Na nuna masa. Ya dube ni da mamaki na gaske ya ce, "Haba Malam Isiyaku, ai wannan ba tafiya ba ce, Umra na je." Wallahi ba shi kaɗai ba ne. Mutanenmu ba sa lissafa ɗakin Allah cikin ƙasashen waje, sai ka yi ta lallashi kafin su yarda hukuma ita tana lissafawa. Akwai kuma masu jirgin tsakar dare, mutum ya bar gidansa ran Alhamis amma hatimi ya ce Juma'a. Akwai mai fasfo uku da na tsakiyar ya ɓace a ƙaura. Akwai wanda zai zauna ya ba ka labarin bikin ƙanwarsa tun daga sa lalle, kai kuwa ranar dawowarsa kawai kake nema, amma dole ka saurara, don a cikin labarin ranar take.

Yanzu an daina yawan buga hatimi. Mutum ya sa yatsa a ƙofar filin jirgi ta buɗe, in yana son tarihin shige da ficensa sai a fitar masa a takarda tsaf. Wannan ne ya sa kuke ganin aikin ya ƙare. To na'ura tana faɗa maka kwanakin da ka riga ka ci. Rabin aikinmu kuwa na kwanakin da ba a ci ba ne. Mutum zai shigo a farkon shekara ya ce ga auren ɗan wansa, ga mahaifinsa ba lafiya, ga Sallah da yake so ya yi a gida, wata biyu kawai yake da ita, yaya za a yi. Sai ku zauna ku yanka wata biyun nan kamar naman layya a gidan yawa, kowa ya samu ɗan abin da zai samu. Kullum nakan ce a bar 'yan kwanaki a gefe saboda mutuwa. Ba wanda ke son jin wannan, amma waɗanda suka ji sun dawo sun gode.

Babbar dabarar Amm Usman ita ce wadda yake kira kwana a bakin ƙofa. Tunda wata biyun na kowace shekara ne, in mutum ya daure bai fita ba tun daga Janairu, sai ya tashi a farkon Nuwamba. Ya ci wata biyun shekarar da ke ƙarewa, ya zarce cikin wata biyun sabuwar, ya dawo a ƙarshen Fabrairu. Wata huɗu ke nan a gida, shekarunsa kuma ba su yanke ba. Iyakar abin da sana'ar nan za ta iya ba mutum ke nan. Ba mai ƙirgan da zai ƙara maka kwana ɗaya a kai, ko da ya haɗiye kalandun.

Daga cikin masu zuwa wurina kowace shekara akwai Hajiya Ramatu da mijinta Alhaji Sa'idu, 'yan Zangon Kumasi a Gana. Ita ungozoma ce a wani babban asibiti, shi mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki ne, suna zaune a Madinat Khalifa ta kudu. Tun Amm Usman na nan suke zuwa, da ya tsufa ya koma Sudan na gaje su tare da fitilar. Allah bai ba su haihuwa ba. Amma in ka bi Hajiya cikin kasuwa ba za ku yi nisa ba sai wata Balarabiya ta tare ta tana nuna mata wani ƙaton saurayi, tana cewa ga wanda kika karɓa. Hajiya takan ce 'ya'yanta duk a garin nan suke, sai dai ba su san sunanta ba. Shi ya sa take son takardar zama 'yar ƙasa. Izinin zaman baƙo a jikin aikinsa yake rataye, ranar da aka ce ka tsufa ka huta, ranar za ka fara ɗaure kaya. Ita kuwa ba ta da ɗa ko ɗaki nata na kanta a Kumasi. Nan take son ta tsufa. Ta shigo ƙasar a ƙarshen shekarar 1997, don haka shekarunta za su cika a ƙarshen 2022, daidai lokacin da aka sa za a yi gasar cin kofin duniya a nan.

Ban taɓa ganin mai tsaron kwana irinta ba. Alhaji mutum ne mai son gida, kuma mahaifiyarsa, Mma Adiza, tana raye, ta tsufa har ido ya tafi. Shi kaɗai ne ɗanta namiji. Duk shekara sai ya roƙi ƙari.

"Malam, duba da kyau mana. Ko mako ɗaya babu? Mma na cewa in tsaya in yi Mauludi."

Kafin in buɗe baki Hajiya ta amsa. "Babu. Malam ya riga ya ƙirga. Khalas, magana ta ƙare."

Ya dube ni yana dariya ya ce, "Ka gani ko? Kafil biyu gare ni masu riƙe da izinin zamana, na kamfani da na gida, kuma na kamfanin ya fi sauƙi."

Shekara ashirin da biyu haka suka yi, ba su taɓa zarce ko da kwana ɗaya ba.

A farkon 2019 suka shigo suka ce a bana kwana a bakin ƙofa suke so. Alhaji ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa, amma ban tambaya ba, don mai ƙirga ba likita ba ne. Na tsara musu tafiya farkon Nuwamba, dawowa ƙarshen Fabrairu. Wannan karon bai roƙi ƙari ba. Ya ɗauki fasfonsa ya daɗe yana juya shi, sannan ya ce, "Wata huɗu cur. Mma za ta gaji da ni." Ba su cika mako guda da sauka Kumasi ba aka aiko cewa ya rasu, a ɗakin mahaifiyarsa, bayan sallar la'asar.

Na yi salati, na yi masa addu'a, na kira na yi gaisuwa. Bayan nan hannuna da kansa ya jawo kalanda, don sabo. Matar da mijinta ya rasu takabar wata huɗu da kwana goma ke kanta, ba ta barin gidan da ta zauna sai ta cika. Na ƙirga da watan Musulunci, na juya zuwa na Bature, na sake. Takaba za ta cika wajen tsakiyar Maris. Izinin Hajiya kuwa ƙarshen Fabrairu zai ƙare. Wata huɗun takabar, dabararmu ta ɗauke shi, amma kwana goman nan, da 'yan kwanakin da Alhaji ya yi a raye bayan saukarsu, ba inda zan sa su. Na kwantar da rula ta kowace fuska. In ta zauna ta cika takaba a Kumasi, shekara ashirin da biyu sun tafi saboda abin da bai wuce mako biyu ba.

Wadda ta tayar da maganar ita ce Sista Ladi, nas ce 'yar Kafanchan, aminiyar Hajiya a ɗakin haihuwa. Wajen tsakiyar Fabrairu ta faɗo shagona da rana tsaka da kayan aiki a jikinta, ba ta ko zauna ba.

"Baba Isiyaku, kana nan kana shan shayi matar nan za ta zubar da rayuwarta? Ni Ladi, 'yar majami'a, na je har wurin malamin 'yan Zango da ke nan Doha na tambaya. Ya ce mace a gidan da suke zaune da mijinta take takaba. In mutuwa ta same su a tafiya, tana iya komowa gidanta ta ƙarasa. Gidansu ba a Madinat Khalifa yake ba? To me ya zaunar da ita?"

"Kin gaya mata?"

"Na gaya mata, malamin ma ya gaya mata. Sai ta ce mini to. Ni na san irin to ɗin Ramatu. Kai take jin maganarka a kan kwana, kira ta."

Na kira, na sa wayar a fili don Sista ta ji. Ana jin hayaniyar gidan yawa ta can, yara da ƙarar turmi. Muka gaisa, na sake yi mata ta'aziyya, sannan na faɗa mata lissafin yadda yake, ban rage ba ban ƙara ba. Na ce jirage na tashi, hanya a buɗe take, addini ya ba ta dama, in ta sauka Doha kafin watan nan ya ƙare komai nata na nan.

"Na sani, Malam," in ji ta. "Ni ma na ƙirga. Shekara nawa ina kallon hannunka."

"To Hajiya, mene ne?"

Sai ta ce, "Bari in fita tsakar gida, Mma na barci." Muka ji ƙarar labule da takun silifa.

"Malam, tun ranar da aka binne Alhaji a ɗakin Mma nake kwana. Ba ta gani. Da asuba takan lallubo hannuna ta ce, Ramatu, kina nan? In ce ina nan. Sai ta ce yau kwana kaza. Ita ke ƙirga mini takabar, da 'ya'yan carbi, ba ta taɓa ɓata ba. Da aka yi adua ta arba'in baƙi suka watse, ta ce mini yanzu saura ni da ke."

Sista Ladi ta matso bakin wayar. "Ramatu, ai tana da 'ya'ya mata, tana da jikoki cike da gida!"

"Tana da su, Ladi. Amma ku saurare ni. Matar nan ɗa namiji ɗaya ta haifa. Shekara ashirin da biyu ina ba ta shi da awo. Ta ce ya tsaya Mauludi, in ce babu kwana. Ta ce ya tsaya suna, in ce babu kwana. Aka yi mata aikin ido, yana nan yana gyara na'urar mutane, don kwanakinmu na shekarar sun ƙare. Ba ta taɓa yi mini gorin haihuwa ba, ba ta taɓa cewa na riƙe mata ɗa ba. Duk shekara ita ke ɗaure mana yaji da garin ɗanwake a ƙulli ta ce Allah ya cika muku abin da kuke nema. Yanzu ya mutu. Abin da ya rage nasa a duniya da za a yi a gabanta takabar nan ce. Ita ma in ce mata babu kwana?"

Sista ta jawo kujera ta zauna.

Na ce, "Hajiya, shekara ashirin da biyu ne fa."

"Na san nawa ne, Malam, ni na yi su. Takabar nan kuma zan ba ta ita cikakkiya."

Na yi shekaru ina ganin mutane na rasa shekarunsu, wani da mantuwa, wani da ganganci, wani jirgi ya ɓata masa. Suna kuka, suna zagin kafil, wani ma ni yake zagi. Ban taɓa ganin wanda ya san lissafi daidai da ni, hanya a buɗe, ya ɗauki abin ya ajiye da hannunsa ba. Na ji kwarjininta ta cikin waya har na rasa yadda zan yi mata sallama, sai Sista ce ta kashe, tana share ido da bakin rigar aikinta tana cewa, "Wannan mata, wannan mata."

Takaba ta cika a tsakiyar Maris, aka yi sadaka, ta fara shirin dawowa. A makon ne annobar korona ta sa aka rufe shiga ƙasar nan ga baƙi, Gana ma ta rufe nata. Wannan ita ce muguwar shekarar sana'armu. Aka rufe shaguna, Asmakh da ba ka iya wucewa sai da kafaɗa ta koma kana jin kukan kyanwa daga wancan layin. Na kwashe fitila da kalandu na kai ɗakina. Wayata ba ta huta ba: mutanen da na tsara wa mako uku suna can Tamale, Jos, Accra, Kano, wata na bin wata, kowa na tambaya, Malam kwanakin nan za a ɗora mana? Ban sani ba, kuma ba wanda ya sani. Babu abin da ya fi ci wa mai ƙirga rai kamar a tambaye shi ya ce bai sani ba, ni kuwa haka na wuni ina faɗa. Da aka fara ba da izinin dawowa na musamman, aikin ya koma na roƙo. Muna cika takarda, muna bin kafil ya sa hannu, ana ƙi, muna sakewa. Shaguna da yawa na tsararrakina ba su sake buɗewa ba. Ni ma sai da na sayar da tafiretar Amm Usman ga wani mai tara kayan da.

Hajiya ta dawo wajen ƙarshen shekarar, bayan an buɗe filin jirgin Accra, ta yi zaman killacewa ta koma ɗakin haihuwa da takunkumi a fuska. Na kira ta na ce akwai abin da za a gwada. Watannin rufe iyaka uzuri ne da kowa ya sani, ana iya rubuta takardar roƙo a kansu, wataƙila a duba. Sai ta tambaye ni mako biyun farko fa, lokacin da jirage ke tashi. Na ce ana iya rubutawa a dunƙule, ba sai an rarrabe ba.

"A'a, Malam. Ba annoba ce ta zaunar da ni ba. Kada ka rubuta abin da ba haka ba."

Daga nan ban sake ganin fasfonta ba. Na ɗauka ta haƙura, kuma ban ga laifinta ba.

Sai ga gasar kofin duniya. Ku kun gan ta da idonku, amma ba ku san yadda ta yi wa irina ba. Ni da na ƙare rayuwata a garin da ake auna wa mutum shiga da fita, na wayi gari duniya duk ta tuntsuro cikinsa. Jirgin ƙasa cike da mutane masu fentin fuska, wasu da hular gashi, wasu rabin tsirara, kowa na waƙa da harshensa. Ran da Gana ke wasa, 'yan Zango suka fito da ganguna, masu gadi da masu dafa abinci da direbobi da na sani da sunkuyar da kai, ga su suna rawa a tsakiyar titi, 'yan sanda na ba su hanya. Na tsaya a ƙofar shago na daɗe ina kallo. Ban taɓa zaton zan ga Doha haka ba.

A cikin taron nan na hango ta tana ratsowa, da farin mayafi da jakarta a hammata. Ta yi furfura a goshi. Na san watan da muke ciki sarai, watan da da za mu cika takardarta ne, amma na kama bakina. Ta shigo, muka gaisa, na tambayi Mma. Ta ce tana nan da ranta, sai faɗa da jikoki. Sai ta zuge jaka ta fito da fasfo ta ɗora a tebur.

"Ina so in je in gan ta bayan gasar nan. Ka tsara mini, kada in wuce wata biyu."

Na dubi fasfon, na dube ta. "Hajiya, wata biyun me kuma? Ai yanzu kina iya zamanki yadda asibiti ya yarje miki."

"Wa ya ce? Ka fara mini daga farko."

"Daga farko? Shekara ashirin da biyar?" Na rage murya, don abin da zan faɗa ba shi da daɗi. "Hajiya, kin ba hamsin baya. Kafin a yi rabi asibiti sun sallame ki. Lissafin nan ba zai kai ba."

"Wannan ba aikinka ba ne, Malam, aikin Allah ne. Kai dai ƙirga. Daga ranar da na dawo, nawa nake da shi?"

Gangunan na wucewa ta ƙofar shago har gilashin na rawa. Na jawo fensir, na nemo ranar saukarta na bi kalanda. Aikin da ba ya ɗaukar minti ɗaya, sai da na yi shi sau biyu.

"Shekara biyu da 'yan makonni," na ce.

Ta gyara mayafinta, ta jingina da kujera, fuskarta ta washe.

"Biyu?" in ji ta. "Ashe ma na yi nisa."